Wankin Kuza

Ubansa lebura ne a ramukan Bukuru,
mai wankin kuza da ƙwarya.
Farfesa Ɗanliti bai taɓa buɗe zangon karatu
bai ambaci ƙwaryar nan ba.
"Yashi kwando goma," in ji shi, "kuza cikin cokali.
Sana'armu ɗaya da tsohona,
sai dai shi a ruwa ya tsaya, ni a gaban allo."

Muna aji biyu a Naraguta,
sanyin safe ya hana yatsunmu riƙe biro,
ya rubuta sifiri da ɗaya, ya kakkaɓe alli a rigar sanyinsa.
Ya ce wanda ya gaya maka ana sanyi a Jos
bai gaya maka komai ba.
Labari shi ne abin da ba ka zata ba,
da mamaki ake auna shi.

Ya nuna mana yadda saƙo ke shiga waya da lafiyarsa
ya fito da ɗingishi,
da yadda ake ƙara masa 'yan haruffa a gefe,
kamar uwa ta ƙulle wa matafiyi kuɗin mota a wuri biyu.
In hanya ta ci ɗaya,
ɗayan ya kai shi gida.

Ofishinsa maƙabartar ajiya ce:
katin da aka huda, kaset, faifan da babu sauran injin da zai karanta shi.
Daren da tsawa ta bi waya ta shigo
ta lashe aikin shekara huɗu,
bai yi magana ba har Laraba.
Ran Alhamis ya dawo daga Farin Gada da mudun acca,
ya laƙato ƙwaya guda da yatsa,
sai da muka sunkuya kafin mu gan ta.
"Wannan ta haddace kakanninta kaf,
kuma ba ta taɓa jiran a kawo wuta ba."

Daga nan injiniya ya koma ɗalibi,
da furfurarsa, a bencin masu nazarin halitta,
yana koyon rubutu da haruffa huɗu kacal,
waɗanda aka rubuta akuya da su, da ni, da kai.
Mun sha yi masa dariya a bayan ido.
Shekara tara. Kuɗin bincike ya zo, ya ƙare, bai dawo ba.
Ya sa ƙwayoyin yis lissafi,
in amsar i ce su yi kore.
Sau da yawa mutuwa kawai suke yi.

Abin da ya fara adanawa a 'yar kwalba
daƙiƙa goma sha ɗaya ne daga wani tsohon kaset:
ubansa yana tari, yana tambaya ko an kunna.
Ni na riƙe kwalbar ranar.
Ban ga komai a ciki ba sai ɗigon ruwa.

Jiya na je gaishe shi a Gangare.
Yana kan tabarma, bargo a kafaɗa,
rediyo na shuu a tsakanin tasha biyu.
Ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu.
Matarsa, Inna Tasalla, ta ce sai ana maimaita masa,
haka take yi da magani, haka da lokacin salla.

Na ce, Malam, Zubairu ne.
Zubairu.
Zubairu, na ajin Naraguta.

Ya daɗe yana kallona,
idon nan na juya ni a hankali kamar ƙwarya cikin ruwa.
Can ya ce, "Sau uku? Ɓarnar wuri.
Ai na koya maka hanyar da ta fi wannan."
Sannan ya tambayi Inna ko baƙon ya ci abinci.